Rigunan Fara

Rijiyar Samna, 12 ga Disamba, 2004

Zuwa ga bawana Mourtala,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Saadatou da 'yata Anissa. Mu nan lafiya lau. Baba Badaru, kawunka, ya ce in gaishe ka, ƙafar tasa ta yi dama. Inna Assibi ma tana gaisuwa. Ka tambayi labarin farar da kuka ji a rediyo. Ta biyo ta nan, amma da sauƙi, mun gode Allah.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Taurarin Rijiya, ƙungiyar da ka kafa kafin ka gudu ka bar ni da ita, ta samu gurbi a gasar babban hutu ta Tahoua. Shekara tara muna nema, sai bana. Sharaɗi ɗaya ne: riguna goma sha shida iri ɗaya, da lamba a baya, a kai su gaban kwamiti, kada a wuce goma ga Yuli. Wanda bai kai ba, an soke shi. Mu kuwa har yau wani da rigar sallah yake bugawa, wani ba riga sam. Samarin sun tafi cin rani da wuri bana, kuma da gasar nan nake so in janyo su gida.

Ni ɗan namiji ne, kai ɗan mace, saboda haka ba roƙo nake ba. Umarni ne.

Ubangidanka,
Zabeirou

Greensboro, 6 ga Fabrairu, 2005

Zuwa ga Zabeirou, ubangidan da bai taɓa ciyar da bawansa ba,

Assalamu alaikum. Barkanmu da sallah, ko da ta wuce. Wasiƙarka ta yi fiye da wata a hanya, a tsaye na karanta ta gaban akwatin wasiƙu, sanyi na yankan kunnena. Muna lafiya. Saadatou ta yi mura ta warke. Anissa tana aji uku, ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci, sai fa in maganar tuwo ce. Na ji daɗin labarin ƙafar Kawu, kuma hankalina ya kwanta da ka ce farar da sauƙi, don abin da muke ji game da arewa ba daɗi.

Taurari a gasar Tahoua! Washegari ina tuƙi a kan titin Wendover abin ya sake faɗo mini, na buga ihu ni kaɗai har mai motar gefe ya juyo. Ranar Asabar na tara yaran da nake koya wa ƙwallo a wani fili can McLeansville, 'ya'yanmu na Nijar da na Najeriya da biyu 'yan Gana, na ce musu ku ji, ƙungiyar da na fara da ƙwallon tsumma ta kai birni, saboda haka kada wanda ya ƙara ce mini takalminsa ne ya hana shi gudu.

To, maganar riguna. Garin nan yana da ƙungiyar besbol, wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki a ruga. Ba ta manya ba ce, ta masu tasowa ce da ake reno kafin a kai su babban aji, shi ya sa nake ƙaunarta, aikinmu ɗaya. Da, Jemagu ake ce mata. Bana an gina mata sabon fili a tsakiyar gari, aka canja mata suna, ta koma Fara. Ka zo ka ji gardama! Wasu na cewa an raba su da tsohon filin da kakanninsu suka fara kai su, wasu na cewa wa zai ji tsoron ƙwaro. Wani dattijo a unguwar Irving Park, wanda nake koya wa jikarsa Faransanci bayan na tashi daga makaranta, ya ce shi da hular jemage za a binne shi. Abokina Nanven, mutumin Filato da muke horar da yaran tare, cewa ya yi: "Malam, mu alamar ƙungiyar ƙasarmu mikiya ce, ku barewa, waɗannan kuma duk dabbobin duniya sun rasa abin ɗauka sai wanda ake ci da yaji!" Na ce masa mikiyar tasu ta sha faɗowa daga sama, ya bar mu da ƙwaronmu.

Amma ka san abin da ya kama ni? Launi. Kore da ruwan lemo da fari, tutarmu sak! Na shiga kantinsu na ɗebo sha shida, yadi mai kyau, na kai aka buga lamba a baya. Farar tana nan a ƙirji, tsaf da ita kamar za ta yi tsalle. Ka gaya wa samari darasin: fara ƙarama ce, amma tana tsallake abin da ya fi ta tsawo nesa, kuma in suka haɗa kai ba abin da ke tsayawa gabansu.

Na sa hula ɗaya ta musamman don Kawu, ya sa ta ranar wasan farko. Hajiya Kouloussoum, mai saro kaya, za ta zo gida ƙarshen wata, za ta bar maka jakar a Tahoua. Ka buɗe ta gaban jama'a, kada ka ɓoye ka ce kai ka saya.

Naka,
Mourtala

Greensboro, 17 ga Afrilu, 2005

Zabeirou,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Mu nan ƙalau, sai itatuwa da suka fara fure suna sa Saadatou atishawa.

Hajiya Kouloussoum ta dawo mako uku ke nan. Ta ce hannu da hannu ta ba ka jakar. Na tambaye ta ko ka ba ta takarda, ta ce a'a. Na ce to ya gida, ta ce gida sai addu'a, ta shiga gyara kayan kantinta. Tun ran nan kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu sau biyu, har mai kawo wasiƙun ya fara ɗaga mini hannu daga nesa yana girgiza kai.

An buɗe sabon filin. Na kwashi yarana goma sha ɗaya a mota biyu, ni da Nanven, muka je. Filin fes, ciyawa kamar an taje ta. Gaskiya wasan da jinkiri, a yi jifa a tsaya, a yi jifa a tsaya. Nanven ya ce a lokacin da suka ɓata suna gyara hula, da Arsenal ta ci uku ta koma gida. Yaran ma suka goyi bayansa, su ƙwallon ƙafa kawai. Na ce musu ku dubi wancan matashin da ya kai duka sau uku bai samu ba, ya koma ya zauna, an jima ya sake fitowa da kulkinsa kamar ba a yi komai ba. Wannan kaɗai ya isa darasi. Dattijon Irving Park ma na hango shi, da hular jemagensa, yana tafi yana ɓata rai.

Ni kuwa duk inda na juya riga ce irin taku, sai in riƙa ƙiyasta wa ya ɗauki lamba goma, wa ya ɗauki ta gola. Sun yi musu daidai? Kawu ya gwada hular? Ko layi biyu ne ka rubuto, malam guda kamar kai bai rasa biro ba.

Naka,
Mourtala

Rijiyar Samna, 3 ga Mayu, 2005

Mourtala,

Gaisuwa. Muna lafiya, Baba lafiya, Inna lafiya. Kaya sun iso, sha shida cif da hula. Na ajiye su a ɗakina. An gode da ɗawainiya.

Zabeirou

Greensboro, 22 ga Mayu, 2005

Zabeirou,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya.

Na karanta layukanka uku har na haddace. Ba "bawana", ba zagi ko ɗaya. Tun muna yara ba ka taɓa yi mini godiya ba sai yau, kuma na fi son zagin.

Na zauna na yi ta juya abin, kuma ina jin na gane. Samarin sun raina rigunan ne don ba na Marseille ba ne, ba na Arsenal ba. Na san halinsu, nan ma haka nawa suke, yaro bai iya tsayar da ƙwallo ba amma sai rigar da ya gani a talabijin. To ka gaya musu in ji ni, sunan da ke ƙirji ba ya cin ƙwallo. Waɗancan manyan ƙungiyoyi ba su san da Rijiyar Samna ba. Ni da na san da ita na zaɓo muku launin ƙasarku, na tsaya kan mai buga lamba har ya gyara bakwai ɗin da ya karkace. In kuwa kai ne kake jin kunyar shiga Tahoua da rigar ƙaramar ƙungiya, to ka tuna mu ma ƙaramar ce.

Na buga waya gidan tarho na Tahoua sau biyu na bar saƙo, ba ka zo ba. Saura mako bakwai kwamiti ya rufe. Riguna a ɗaki ba su da amfani ga kowa. Me ake ciki?

Mourtala

Rijiyar Samna, 9 ga Yuni, 2005

Mourtala,

Gaisuwa. Jikinmu lafiya. Sauran kuwa bari in gaya maka, tunda ka matsa.

Ba Marseille ba ce. Farar ɗango ta sauka mana bara, ranar wata Talata da hantsi, hatsi ya yi kai, saura kwana kaɗan a yanka. Rana ta dushe kamar hadari. Muka fita da kwanoni da ganguna da hayaƙi, Baba da ƙafar nan tasa yana kaɗa babbar riga a tsakiyar gona. Kafin la'asar ba abin da ya rage sai kara a tsaye. Gonarsa ta gangare, wadda ka yi noma a ciki shekara goma, dami huɗu aka ɗaure. Rumbuna wayam tun watan Maris. Yau a gidaje da yawa 'ya'yan itacen anza ake jiƙawa kwana uku a zubar da ɗacin a ci. Ajina na lakwal, makarantar boko, daga yara arba'in saura goma sha tara.

Na bi umarninka da Hajiya Kouloussoum ta isar mini da baki, na buɗe jakar gaban jama'a, a gindin gawo bayan sallar Juma'a, don ban san abin da ke ciki ba. Wasiƙarka ta Fabrairu sai bayan jakar ta iso. Na fara miƙa wa Baba hularsa. Ya riƙe ta ya daɗe yana kallo. Ya ce: "Ita ce. Har dariya take yi." Sai ya ce: "Ɗan ƙanwata ne ya aiko mini da wannan?" Na ce shi ne. Ya ajiye ta kan tabarma ya shiga gida. Washegari ya ce ba ɗan da ya fito daga gidansa da zai sa ta a ƙirji. Biyar cikin 'yan wasan jikokinsa ne da 'ya'yan ƙannensa, har da gola. Sauran iyaye suka bi shi.

Ba zama na yi ba. Na ce a juya rigunan ciki waje, lamba ta ɓace, kwamiti ba ya karɓa. Na ce a yanke ta, sai rami a ƙirji. Na ce a rufe ta da ƙyalle, Baba ya ce abin da ke ƙarƙashi yana nan. Samari tara sun dawo daga cin rani saboda gasar, kuma sun ce in babu ita ba su ga abin zama ba.

Za ka ce ni na rubuta maka da sauƙi. Na rubuta. Mourtala, yaushe ka taɓa jin mutumin Adar ya aika wa na nesa cewa rumbunsa ba kome? Ranar da mahaifiyarka take kwance ba ta iya ɗaga kai, da aka gaishe ta me ta ce? Kai ne ke riƙe da ƙoƙon ruwan. Shekara bakwai kawai ka yi a can.

Ban zo waya ba don ban san yadda zan faɗi wannan da baki ba.

Zabeirou

Greensboro, 26 ga Yuni, 2005

Ɗan'uwana Zabeirou,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Allah ya kawo muku sauƙi na gaske. Mu nan lafiya, kuma kunyar faɗin haka nake ji.

Na ɗauko wasiƙarka ta farko na sake karantawa. Ga shi nan ka rubuta cewa samari sun tafi da wuri. Ga Hajiya Kouloussoum da ta ce gida sai addu'a. Ni da nake tsayawa gaban allo ina ce wa yara su karanta abin da ke bayan magana, na wuce duka ban gani ba, ina murnar launi. Har darasi na aiko muku, cewa in suka haɗa kai ba abin da ke tsayawa gabansu. Da na kai wannan layin a kwafin da na ajiye, sai na fita na yi ta zagaya wurin ajiye motoci har Saadatou ta leƙo ta kira ni.

Ranar Asabar na gaya wa yarana abin da na yi, ban rage kome ba. Nanven bai yi ba'a ko ɗaya ba. Ya kai maganar cocinsu, ni na kai masallaci, ana haɗa abin da za a sayi hatsi. Wannan ba don a wanke ni ba ne, tun tuni ya kamata.

Na sayo fararen riguna marasa zane, an buga lamba. Amma na bi duk kantunan mutanenmu, ba mai tafiya gida kafin tsakiyar Yuli, gidan waya kuma wata guda yake ci. Wataƙila ma kafin wannan takarda ta iso kwamiti ya rufe. Ka roƙe su su ƙara mako biyu. Ka ce kuskuren wani ne can nesa, ba na samarin ba.

Wannan kuma ka karanta wa Kawu da bakinka: Kawu, ni Mourtala ne da ka koya wa riƙon hauya. Ban aiko don dariya ba, jahilci ne, kuma jahilcin mai karatu ya fi muni. Ka yi fushi da ni yadda ka ga dama, amma kada samarin su rasa gasarsu saboda ni.

Ba ni da sukuni sai na ji daga gare ka.

Mourtala

Rijiyar Samna, 14 ga Agusta, 2005

Zuwa ga bawana Mourtala, sarkin wauta na ƙasar Amirka,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Saadatou da Anissa, ka gaishe mini da Nanven. Ruwa ya zauna, hatsi ya fara kai, muna kallon sama da ido biyu. Abin da kuka haɗa ya iso, an raba gida gida, Allah ya saka. Yunwa ba ta tafi ba tukuna, ka ga yau na faɗa maka kai tsaye.

Kwamiti ya ƙi ƙara ko kwana ɗaya. Ran bakwai ga Yuli na riga na rubuta takardar janyewa, tana cikin aljihuna. Sai Inna Assibi ta shigo ɗakina neman allura, ta ga jakar, ta zaro riga ɗaya ta ɗaga. Ka san shekara talatin tana suyar fara a kasuwa. Ta ce: "Wannan ce ta hana ku barci? Ai kasko kawai ta rasa." Ta yage gefen wani tsohon baƙin zanenta, ta yanka shi zobe mai kunne biyu, ta ɗora ya kewaye farar, ta kafa da zare. Ta wuce da ita wurin Baba yana zaune a zaure, ni ina biye kamar ɗan akuya.

Ta ce: "Malam, ka ce tana dariya. Duba inda take dariyar yanzu."

Baba ya karɓa ya kai kusa da ido. Ya yi ta juya ta har na fara lalubar takardar aljihuna. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin Talatar nan. Da ya share ido sai ya ce: "A ƙara mata wuta."

Chaïbou tela ya kwana biyu kan keke, kasko sha shida, kowanne da harsunan wuta ja a ƙarƙashi. Ran goma da azahar muka shimfiɗa su gaban kwamiti. Shugaban ya ce wannan wace irin alama ce, golanmu ya ce ramuwa ce.

Mun ci wasan farko biyu da ɗaya, muka yi kunnen doki a na biyu, aka fitar da mu a na uku da bugun fanareti. Samari goma sha huɗu ne suka dawo, kuma suna nan suna noma. 'Yan kallo a Tahoua, har da waɗanda ba namu ba, in muka kai hari sai filin ya ɗauka: "A soya! A soya!" Abu ɗaya ne zai ɓata maka rai. Ba mai cewa Taurari yanzu, 'Yan Kasko ake ce mana. Sunan da ka raɗa ya tafi. Sai ka nemi dattijon nan mai hular jemage ku zauna benci ɗaya ku yi ta ɓata rai. Fararen rigunan sun iso, da su muke atisaye.

Wasiƙarka ta zo ran ashirin da ɗaya ga Yuli, na karanta wa Baba nasa layin sau biyu. Hular ga ta nan cikin wannan ƙunshi, Inna ta yi mata kaskonta da hannunta. Ga abin da ya ce in rubuta, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ka ce wa ɗan ƙanwata na yafe, dama hauya kawai na koya masa, ban koya masa hankali ba. Hular ta fi dacewa da kansa. Ya sa ta ya tafi filin nasu ya zauna a layin gaba. In mutanen garin suka tambaye shi me ya kai fararsu cikin kasko, ya zaunar da su ya ba su labarin gonar gangare tun daga farko. Kuma kada ya ce musu da sauƙi."

Ubangidanka har gobe,
Zabeirou